Netsuke: Japan ba ta da giwa, to hauren wa suka sassaƙa?

Ɗan_Kurmi:
Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai wasu 'yan ƙananan sassaƙe-sassaƙe na mutanen Japan da ake kira netsuke, hotunansu sun cika intanet, kowa sai yabo yake yi. Ɓera, sa a kwance, tsoho riƙe da gora, zomo, duk ba su fi girman goro ba, kuma an ce da yawa daga masu tsadar na hauren giwa ne. Tambayata biyu ce. Me ake yi da su, ado ne ko bauta? Ta biyun ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya: Japan tsibirai ce, babu giwa ko ɗaya a dajinta. Hauren wa suka sassaƙa? Ni a ganina irin wannan sana'a ce ta ƙarar mana da giwaye a Afirka, don haka komai kyan abin ban ga dalilin tafa masa ba. Mai ja ya ja.

Maman_Iklima:
Wa alaikumus salam. Ni tun da na ga wani mai ƙaho biyu da haƙora a waje na ce gunki ne. Allah ya raba mu.

Baƙon_Osaka:
Hajiya, ba gunki ba ne, kayan sawa ne. A can nake zaune, bari in faɗi yadda abin yake. Kimono, rigarsu ta gargajiya, ba ta da aljihu. Mace takan cusa 'yan kayanta a hannun riga ko cikin ɗamara, namiji kuwa rataya nasa yake yi: jakar taba, gidan lofe, jakar kuɗi, ko wata 'yar batta mai hawa-hawa da ake kira inro, ta zuba magani ko hatimi. Kirtanin battar ake turawa ta ƙarƙashin ɗamarar, wadda suke kira obi, ya ɓullo ta sama. To me zai hana nauyin battar ya zare kirtanin ta faɗi ƙasa? Aikin netsuke ke nan. Ana ɗaure shi a bakin kirtanin, ya zauna a kan ɗamara ya tokare. Tsakaninsa da battar akwai wani ɗan dutsen ado, ojime, da ake ja ƙasa ya matse murfin.

Shi ya sa in kin juya na gaske za ki ga huda biyu a baya ko a ƙasa, galibi ɗaya ta fi ɗaya faɗi don ƙullin kirtani ya ɓuya a ciki. Wanda ba shi da hanyar kirtani okimono ne, na ajiyewa a kan kanta. Mai ƙahon da kika gani kuwa oni ne, aljanin tatsuniyoyinsu, kuma yawanci abin dariya ake mai da shi. Za ki ga ya laɓe a kan faffaɗar hular Shoki, jarumin da aka ce aikinsa farautar aljanu, shi kuwa Shoki yana ƙasa da takobi yana ta zare ido yana nemansa.

Bakatsine_77:
Ashe Bahaushe ya riga ya hango. Giwa a garin wani zomo ce. Ga shi ta je Japan an mai da ita zomo a zahiri 😂

Malamin_Tarihi:
Ɗan'uwa Ɗan_Kurmi, tambayarka tana kan hanya, amma ka haɗa zamani biyu a tukunya ɗaya. Kasuwar netsuke ta ci ne a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, musamman daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19. A wancan lokaci gwamnatin shogun, wato sarkin yaƙin da ke riƙe da mulki, ta rufe ƙasar, Turawan da aka bari su yi ciniki 'yan Holan ne kawai, su ma an killace su a wani ɗan tsibiri da aka gina a tashar Nagasaki, Dejima, tun 1641. Su da fataken Sin su ne suke shigo da haure, kuma hanyarsu ta Indiya da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya take bi, inda giwar Asiya take.

Haure kaya ne mai tsada ƙwarai, ba mai saye ya yi wasa da shi. Akwai wani abin kiɗansu mai tsirkiya uku, shamisen, da ake kaɗawa da wani faffaɗan abu da akan yi da haure. In an yanke wannan daga jikin hauren, sai a bar guntaye masu kusurwa uku. Waɗannan guntayen masu netsuke suke saye. Ka duba tsofaffi na ƙarni na 18 da kyau, da yawa za ka ga jikinsu yana da wannan kusurwa uku, mutumin ya ɗan rankwafa yadda hauren ya lanƙwasa. Ba salo ba ne kawai, guntun ne ya zo a haka. Ohara Mitsuhiro, wanda ya rayu daga 1810 zuwa 1875 kuma yana cikin gwanayen Osaka, a wurin mai yin wannan abin kiɗa ya fara koyon aiki.

Sannan ɗimbin netsuke na katako ne, musamman wani icce mai tauri da laushin yanka da suke kira tsuge. A Iwami, inda Tomiharu ya kafa gidan sassaƙa, hauren aladen daji suke yawan amfani da shi. A unguwar Asakusa ta Tokyo, su Kokusai ƙahon barewa suka riƙe. Akwai na haƙorin dabbobin teku, na tangaran, na ƙarfe.

Ɗan_Kurmi:
Malam, na ji, Allah ya ƙara sani. Amma giwar Asiya ma ai giwa ce, ba don ta mutu da kanta aka cire hauren ba. Kuma kada a ce mini Japan ba ta ci hauren Afirka ba.

Ɗan_Yankari:
Ta ci, ta ci har ta yi gyatsa. Nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. A shekarun 1970 da 1980 Japan tana sahun gaba a masu sayen haure a duniya. A 1979 ana ƙiyasta giwayen Afirka sun kai miliyan 1.3, zuwa 1989 sun dawo wajen 600,000. Rabi a shekara goma. Abin da ya sa ke nan a taron 1989 na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, aka haramta cinikin hauren Afirka tsakanin ƙasashe. Bayan haka ma an buɗe ƙofa sau biyu: a 1999 Botswana da Namibiya da Zimbabuwe suka sayar wa Japan wajen tan 50, a 2008 kuma aka ƙara da Afirka ta Kudu aka sayar wa Japan da Sin sama da tan 100.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba netsuke ya cinye wannan hauren ba. Kaso mafi tsoka hatimin suna ne, hanko, wanda suke dangwalawa a takardar banki da ta sayen gida maimakon sa hannu. Masu hali suka ɗauka na haure shi ne na girma. Lokacin da ake wannan ɓarnar, ɗaura netsuke a ɗamara ya daɗe da zama tarihi.

Gadon_Gizago:
Salamu alaikum yara. Ni maganar giwa na bar muku. Sassaƙa na gada, turmi, akushi, kujerar mata, allo. Jikana ya buɗe mini hoton san nan da yake kwance, ya ja shi ya yi girma, na ga gashin jikinsa ɗaya bayan ɗaya, kowane yana bin inda naman ya bi. Igiyar hancinsa ta haura ta baya, an murɗa ta. Wallahi wanda ya yi wannan ya zauna da shanu. Abin da nake son sani, da wane ƙarfe ake wannan aiki? Gizago da kurfi dai ba su shiga nan.

Baƙon_Osaka:
Baba, ranka ya daɗe, ido na sana'a daban ne. San da ka gani, in na Kyoto ne, mai yiwuwa salon Tomotada ne, wanda ya yi suna da shanu a ƙarni na 18. Wani littafi da aka buga a Osaka a 1781, Soken Kisho, ya jera sunayen masassaƙan netsuke sama da 50, yana ciki, har an ambata cewa tun yana raye ake kwaikwayon aikinsa ana sa sunansa.

Kayan aikin: zarto a yanke guntun, magagari a fitar da siffa, sannan ƙananan wuƙaƙe iri-iri da masassaƙi yakan wasa wa kansa bakinsu yadda yake so. Haure ba ya karɓar sara, kankara ake yi a hankali, garin yana zuba. Ana gama siffa sai gogewa. Da busasshen karan wata ciyawa mai kaushi, tokusa, ake fara cin sawun wuƙa, a bi da ganyen iccen muku wanda ya fi laushi. Bayan jiki ya yi sumul ake zana gashi, a shafa tawada ta shiga cikin zanen, a goge ta sama. Wasu sukan jiƙa shi a ruwan 'ya'yan iccen yasha ya yi ɗan ja-ja. Ido kuma dasawa ake yi, da ƙaho ko daskararren ƙaro. Kaigyokusai Masatsugu na Osaka, daga 1813 zuwa 1892, shi an san shi da tsananin zaɓen haure, yawancin aikinsa fari tas yake barinsa, gogewa kaɗai.

Amma abin da zai fi burge ka, Baba, ƙa'idar ce. Ba a barin tsini, don kada ya yage siliki ko ya karye. Shi ya sa san yake kwance, ƙafafu a naɗe, ƙaho a kwance a wuya, jela a manne. Ɓera yakan dunƙule ya riƙe wutsiyarsa. Kuma dole a zaɓi wurin huda yadda in an rataya, fuskar ce za ta kalli waje. Akwai kasuwar tsofaffin kaya da take ci ran 21 ga kowane wata a harabar gidan ibada na To-ji a Kyoto, wani dattijo a can ya taɓa miƙo mini ɗaya na katako in riƙe. Kwaɗo ne a kan tsohon takalmin ciyawa. Ƙurajen bayansa sun cinye ta gefe ɗaya, inda babban yatsa yake sauka, bakin hudar kuma kirtani ya ci shi ya yi rami. Ka juya shi ta ko'ina, har ƙarƙashin takalmin an saƙa, wurin da ba mai gani sai mai shi.

Gadon_Gizago:
Madalla ɗana, Allah ya yi albarka. Wato icce ne yake faɗa maka abin da zai zama. Wannan haka yake ko a wurinmu.

Hajiya_Turai:
Ni fa ba a amsa wa Maman_Iklima duka ba. Ko ba a bauta masa, ai siffar mai rai ce cikakkiya. Musulmi zai iya ajiye wannan a gida?

Almajirin_Zazzau:
Hajiya, mas'ala biyu ce. Siffar mai rai da take da jiki cikakke, malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kanta, wannan sananne ne. Hauren kansa kuma, duk wanda ya karanta Risala zai tuna an ce an karhanta amfani da hauren giwa, kuma an yi saɓani a kai. Sai dai ba duk netsuke ba ne mai rai. Akwai zagayayye mai faɗi da suke kira manju, wani zanen fure ne kawai a jikinsa, akwai na naman kaza, na gora, na ganye. Hukuncin mutum shi da malaminsa.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a tsaya nan kan wannan ɓangare, kada a mai da wurin zauren fatawa. A koma kan batu.

Malamin_Tarihi:
To bari in ƙara wani abu da zai nuna me ya sa aka zuba irin wannan wahala a ɗan abu haka. A tsarin Edo mutane hawa huɗu ne: samurai, wato mayaƙa, manoma, masu sana'ar hannu, sai 'yan kasuwa a can ƙasa. Amma kuɗin a hannun na ƙasan yake. Gwamnati ta yi ta fitar da dokokin hana su sa tufafi masu ƙyalli da nuna arziki. Attajiri sai ya sa riga mai duhu ba ado, ya je ya narka dukiya a inro da netsuke. Wanda ya sani ya gani, dogari kuwa ba shi da abin kamawa. Taba ma ta taimaka, tun da 'yan Fotugal suka kawo ta a ƙarshen ƙarni na 16, kusan kowane namiji ya zama yana da abin ratayawa.

Abubuwan da suke sassaƙawa kuma tarihi ne da kansu. Dabbobi 12 na lissafin shekarunsu sun fi yawa, mutum yakan ɗaura ta shekarar haihuwarsa. Ɓera a wurinsu alamar wadata ce, don yana tare da Daikoku, wanda suke dangantawa da arziki da shinkafa. Damisar Asiya mai zane-zane babu ita a Japan, daga fata da zanen Sinawa da kyanwar gida suka haɗa ta, shi ya sa tasu take da kumatu da idon mage. Sun sassaƙa 'yan Holan ma, dogaye, da gashi a nannaɗe da doguwar kwat mai maɓallai, wani rungume da zakara. Wanda na fi so shi ne mai kamun ɓera: tsoho ya durƙusa ya danne akwati da dukan ƙarfinsa, ya waiwayo baki buɗe, ɓeran kuwa yana kan gadon bayansa.

Bakatsine_77:
Wannan na ƙarshen ai ni ne da bashin da nake bi 😂 Malam, nawa ake sayar da irin wannan? Tambaya ce kawai.

Baƙuwar_Landan:
Yaya Bakatsine, riƙe aljihunka. A 2011 kamfanin gwanjo na Bonhams a nan Landan ya sayar da wani na haure, siffar zakin tatsuniya da suke kira shishi, na ƙarni na 18, a kan fam dubu 265 da ɗoriya. Amma akwai na 'yan ɗaruruwa. Yadda suka cika Turai kuwa, bayan 1868 ne, da mulkin sarki Meiji ya zo, ma'aikata suka koma sa kwat da wando masu aljihu, sigari ya kori lofe. Netsuke ya rasa aikin yi, Turawa suka yi ta kwasa da araha. British Museum kaɗai yana da sama da 2,000.

Zomon da kake wa dariya ma akwai shi da gaske, fari na haure, da idon ƙaro. Yana cikin guda 264 da Charles Ephrussi ya saya a Paris a shekarun 1870, ya ba ɗan'uwansa a Biyana ta Austiriya kyautar aure a 1899. Yahudawa ne, 'yan Nazi suka ƙwace dukiyar gidan a 1938, amma waɗannan ƙananan suka tsira, suka dawo hannun zuriyar bayan yaƙi.

Ɗan_Gwanjo:
To ni an taɓa kawo mini ɗaya. Wani ne ya turo hoto ya ce kakansa ya samo wurin wani Bature, hauren giwa ne, tsoho, in kawo kuɗi kafin wani ya riga ni. Da ya zo da shi na ga ya yi rawaya ko'ina daidai wa daida, har cikin hudar, ga rubutun Japan a ƙasa da jan launi. Wani abokina ya ce in gasa allura in soka, in ta shige roba ce. Mai kayan ya ce sam. Muka rabu a haka.

Baƙuwar_Landan:
Gara da bai yarda ba. In na gaske ne allurar ta ɓata shi, in na jabu ne ido ma ya isa. Sami gilashin masu gyaran agogo. Hauren giwa, a inda aka yanke shi a gicciye, yana da siraran layuka da suke gittawa juna suna yin 'yan gidaje. Ƙashi ba shi da su, sai ɗigo-ɗigo baƙaƙe da gajerun tsage, hanyoyin jini ne. Roba kuwa za ka ga sawun inda aka haɗa ɓari biyu, ko ƙananan ramukan kumfa, kuma ba ta da sanyi da nauyin haure a hannu. Launin da ka faɗa shi ya fi tona asiri. Tsohon da aka ɗaura, gaban da yake shan haske yakan fi fari, bayan da yake gogar riga ya fi duhu, kuma hudar ta ci. Sa hannu kuwa ba hujja ba ne, shi ne abu mafi sauƙin kwaikwaya. Ka ji dai abin da aka faɗa a sama kan Tomotada.

Lauyan_Talakawa:
Kuma ka gode wa Allah, Ɗan_Gwanjo. In da na gaske ne, da shi ne matsalar. Cinikin haure laifi ne a dokar Najeriya, kwastan suka kama ka da shi a filin jirgi labarin kakan wani ba zai cece ka ba.

Ɗan_Damagaram:
Ina ta saurare ana zagin Japan. Ɗan_Kurmi, sunanka ma kasuwar Kurmi ne. A ƙarni na 19 me ayarin raƙuma yake ɗauka daga Kano ya biyo ta nan Damagaram, ya bi Ayar, Gat, har Tarabulus? Fatu, gashin jimina, da haure. Fataken Hausawa har Adamawa da gaba suke shiga neman sa. Wancan hauren Turai ya nufa, aka yi ƙotar wuƙa da matazan gashi da maɓallan fiyano da ƙwallayen wasan tebur. In za a yi shari'a, kakanninmu ma suna cikin waɗanda za a kira.

Ɗan_Kurmi:
Sai a kira su mana. Laifin wani ba ya wanke na wani. Ni abin da na tsaya a kai shi ne, duk hoton da aka yaɗa ana cewa kai, dubi kyau, talla ce ake yi wa haure. Yaro ya gani ya ce shi ma yana so.

Na_Garwa:
Ina goyon bayanka. Mu a arewacin Kamaru mun gani. Farkon 2012 mahaya dawakai ɗauke da bindigogi suka shiga gandun Bouba Ndjida suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni, suka sare fuska suka bar gawa. Maƙwabtanmu na Cadi, gandun Zakuma yana da sama da 4,000 a 2002, zuwa 2010 saura wajen 450. Duk wanda ya ji warin wannan ba zai kalli farin abu ya ce kyau ba.

Baƙon_Osaka:
Allah ya kyauta, Malam Na_Garwa, ba mai musun wannan. Amma hauren 2012 kasuwar Sin ya fi nufa, ita ma ta rufe cinikin cikin gida a ƙarshen 2017. Inda nake ganin Japan tana da abin amsawa shi ne har yanzu ba ta rufe tata kasuwar ba, ana sayar da hatimin haure a shago da izinin hukuma, ko da yake a kasuwannin intanet Rakuten ya daina a 2017, Yahoo na Japan ya bi a 2019. Wannan a matsa musu, ina tare da ku. San Tomotada kuwa ya shekara sama da 200 a duniya. Fasa shi ba zai ta da giwa ba.

Lauyan_Talakawa:
Nan ne gardamar take, kuma Ingila ta riga ta zaɓi ɓangare. Dokarsu ta 2018, wadda ta fara aiki a Yunin 2022, ta hana saye da sayar da haure komai tsufansa, sai 'yan ƙofofi irin su: abin da aka yi kafin 1947 wanda hauren jikinsa bai kai kashi 10 cikin 100 ba, ko abin da aka yi kafin 1918 da masana suka tabbatar ba kamarsa, ko sayarwa gidan tarihi. Netsuke na haure kuwa haure ne zalla, don haka yawancinsu sun fita kasuwa. Kana iya riƙe naka, ka bayar kyauta, ka bar wa magada, amma ba ka sayarwa. Hujjarsu: muddin akwai kasuwar tsoho, za a yi ta jiƙa sabo a ruwan shayi a ce na kaka ne. Labarin Ɗan_Gwanjo ke nan.

Baƙuwar_Landan:
Ranka ya daɗe lauya, hujjar tana da ƙarfi, amma akwai kuɗin da aka biya. Abin da ba shi da farashi magada ba sa kula da shi, ƙarshensa kwandon shara. Gidajen tarihi ba za su iya kwashe duka ba.

Ɗan_Yankari:
Hajiya, ni kwandon sharar bai dame ni ba. Giwayen Najeriya gaba ɗaya ba su kai 500 ba, na Yankari ana ƙiyasta 100 zuwa 150, ga rigima da manoman gefen daji duk kaka in sun shiga gona. Ga shi kuma an mai da tashoshinmu hanyar fitar da hauren wasu ƙasashe. A Janairun 2024 aka niƙe tan 2.5 na hauren da aka kama, a Abuja, na kusan naira biliyan 10. Wasu suka ce asara ce, a sayar a biya ma'aikatan daji. An gwada sayarwar a 2008, kowa ya ga abin da ya biyo baya. Ni dai in za a kulle tsofaffin a gilashi a hana ciniki, ba ni da ja.

Malamin_Tarihi:
A gilashi kuwa, an kashe rabin abin, tun da don tafin hannu aka yi shi. Amma na fahimce ka.

Ɗan_Kurmi:
Kun ga inda muka dawo. Ni har yanzu ina nan: a ajiye na da a matsayin tarihi, amma a daina yi masa kirari. Ɗan_Damagaram, kai ma ban manta da kai ba, za mu buɗe zancen ayari daban.

Maman_Iklima:
To yanzu sana'ar ta mutu ke nan?

Baƙon_Osaka:
Tana nan, Hajiya. Akwai gidan tarihi na netsuke zalla a unguwar Mibu a Kyoto, yawancin kayansa na masassaƙan zamani ne. Yarima Takamado, wanda ya rasu a 2002, shi da matarsa sun tara da yawa, wasu suna baje a babban gidan tarihi na Tokyo. Masu yi yanzu har da waɗanda ba 'yan Japan ba. Suna aiki da katako, ƙahon barewa, ƙwallon tagua na Kudancin Amurka mai fari da tauri, da hauren mamot, giwar nan mai gashi da ta ƙare tun dubban shekaru, wanda ake tonowa a daskararriyar ƙasar Sibiriya. Shi ma layukan da aka faɗa ne suke raba su: na mamot kusurwarsu a matse take, ƙasa da digiri 90, na giwa a buɗe, sama da 115.

Ɗan_Mai_Wurno:
In tagua ce, ai muna da 'yar'uwarta a gida. Ƙodagon goruba. A da daga nan Sudan da Eritiriya ake fitar da shi ana yin maɓallan riga, kafin roba ta kashe kasuwar. In ya bushe sosai fari ne, wuƙa da ƙyar take cinsa.

Gadon_Gizago:
Kai, ɗana, ka tuna mini. Muna yara da shi muke katantanwa. Sai dai cikinsa rami ne, naman bai fi kaurin yatsa ba, sa a kwance ba zai fita ba. Zagayayyen nan da Malam na Zazzau ya faɗa, mai zanen fure, shi zai yi. Ramin ma ya hutar da ni wurin ɓoye ƙulli. Ɗana na Osaka, hudar biyu tazarar me ake bari tsakaninsu?

Baƙon_Osaka:
Baba, na zagayayyen ba lallai sai biyu ba. Da yawa ɓari biyu ake yi masu shiga juna, a huda na ƙasa a tsakiya, kirtani ya shiga ya kama wani ɗan kunne da aka bari a cikin na sama, in an ja sai ya ƙara matse su. Ka bar shi ya bushe sarai kafin ka raba, in ba haka ba ɓarin ɗaya zai motsa ya ƙi zama. Zan ɗauko maka hoton cikinsa in turo wa jikanka.